Lamduan, Wadda Ta Bar Mijinta a Bakin Titi

Shekara ashirin da biyu ke nan ina sayar da taliya da romo a kwanar injin shinkafa, kan hanyar da ta fita garinmu ta nufi Chai Nat. Bakwai daga cikinsu na yi su ne ina kallon wani farin keke a tsallaken titi, ɗaure da sarƙa a jikin turken fitila. Ba ni na ajiye shi ba. Amma idan ana neman abin da ya sa ya daɗe haka a wurin, bakina yana ciki, kuma ba da daɗin rai nake faɗa ba.

Saboda mijin Lamduan aka kafa keken. Duk gari Gwaggo ake ce mata, ni kaɗai nake ce mata Yaya, don shekara tara kacal ta ba ni. Gajeriya ce, mai ƙaramar murya, irin matan da za ka yi wata guda kana wuce su ba ka san da su ba. Daga ƙauyukan arewa maso gabas ta zo tana 'yar shekara goma sha biyar, aikin kamfanin da ke zuba abarba a gwangwani. Shekara goma sha ɗaya tana feraye abarba, har ruwanta ya cinye mata zanen yatsu. Yanzu haka idan aka ce ta dangwala hannu a ofis, sai ma'aikaci ya yi ta goge na'ura yana tsaki. Da kamfanin ya rufe sai ta koma saƙar fure. Tun kafin gari ya waye take zama da doguwar allura tana jera ƙananan fararen furanni a zare, ta ƙulla jan ƙyalle a ƙasa, ta kai danjar kasuwa ta sayar wa direbobi su rataya a madubi don a sauka lafiya. Da wuya ka sami motar garin nan da ba ta taɓa ɗaukar furenta ba.

Mijinta, Kawu Sangwian, shi ne mai shara da buɗe ƙofa a makarantar firamare ta bayan gada. Dogo ne, ga surutu kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace. Bai taɓa yarda ya hau babur ba, wai babur na waɗanda ake kora ne. Kullum da safe sai ya jingina kekensa a rumfata ya ce, “Samruai, yau ma gishiri ya yi tsada ne?” sannan ya shanye romon tas har ya ɗaga kwano. Shi da Lamduan ban taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba. Ta ce masa tsohon banza, ya ce mata 'yar guntuwa, haka suka yi shekara talatin da huɗu, kuma bai taɓa sa hannu a abinci ba sai ta zauna.

Wata Talata ce a ƙarshen damina, ƙarfe shida da 'yan mintoci. Ya sha romonsa, ya tsallaka da kekensa, ya hau. Ina zuba ƙashi a tukunya na ji ƙara, ba ma mai ƙarfi ba, kamar an yar da kujerar ƙarfe. Da na ɗago, keken yana cikin kwata, shi kuma yana kwance a kan farin layi. Baƙar motar gidan mai injin shinkafa ta tsaya can gaba. Kowa ya san motar. Ƙofar direba ta buɗe, wani siririn mutum ya fito da farin takalmin kambas, ya dafe kai da hannu biyu. Bayansa kawai na gani. Ko namiji ne ko mace ban iya cewa ba, don na ruga wurin Kawu da ludayi a hannu. Kafin motar asibiti ta zo ya cika, kuma kafin ta zo wata mota ta fito daga injin ta ɗauke mai farin takalmin. Da 'yan sanda suka iso, wanda suka tarar tsaye a jikin baƙar motar da makulli a hannu shi ne Thawin.

Thawin direban babbar motar injin ne. Kwano biyu yake ci a rumfata, wani lokaci uku. Tumbinsa yakan riga shi shiga ƙofa, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin ƙafarsa cikin wani abu ba sai silifas na roba.

Na faɗa wa ɗan sandan da ke rubutu. Ya ce, “Gwaggo, kin ga fuska?” Na ce a'a. Ya ce, “To ai ba ki ga komai ba,” ya rufe littafinsa. Mai injin yana da 'ya'ya uku manya da kuma ƙanen matarsa, duk sirara, duk suna jan motar nan. Rumfata kuma a gefen filinsa take. Ban sake faɗa wa mai kaki ba. Amma da yamma a haikali, inda ake ajiye mamaci kafin a ƙona shi, muna zaune gaban akwatin gawa, na sunkuya na faɗa wa Lamduan a kunne. Na ɗauka nauyi nake saukewa, ashe ɗora mata na yi.

Wanda ya mutu a hanya ba ya sanin ya mutu. A ɗauke gawa, a yi mata addu'a, a ƙona, amma kurwarsa tana nan tsaye inda ya faɗi, sai iyalinsa sun je da malamin haikali da farin zare da rigarsa, an kunna tsinken turare ɗaya, an kira shi da sunansa an ce ya taho gida. Yaro ma ya san wannan. Ba a wuce kwana uku, in an yi jinkiri bakwai. A rana ta uku malamin ya aiko a tambayi ƙarfe nawa za a tafi, Lamduan ta ce ba za a je ba.

'Yarsu ɗaya ce, Kulap, tana aikin wanki a wani asibiti a Bangkok. Ta ajiye tiren ruwan da take raba wa baƙi ta ce, “Mama, me kike nufi ba za a je ba?”

“Abin da kika ji.”

“A bar Baba a titi? Cikin rana da ruwa?”

“Shi kaɗai ya ga fuskar, kuma shi kaɗai ne a garin nan ba ya zaune a filin kowa. Ya tsaya nan. Duk wanda ya yi, ta nan zai wuce safe da yamma. Ran da ya zo ya durƙusa, sai in kai ubanki gida.”

Ba ta kalle ni ba da ta yi maganar fili, amma na san da wa take.

Ranar ƙona gawa sai ga Thawin, ya aske kai ƙwal alamar nadama, ya taho da rarrafe daga bakin ƙofa har gabanta, riƙe da faranti mai fure da kyandir da turare. Ya kifa goshi a ƙasa ya ce, “Gwaggo, na zo neman gafara. Ni ne. Barci ne ya ɗauke ni.”

Ta kalle shi ta ce, “Tashi, Thawin. Gwiwoyinka ba su yi mini komai ba.”

“Gwaggo, ki karɓa.”

“Ka mayar wa mai shi, ka ce ya kawo da kansa.”

Gutsiri-tsoma ya tashi a haikalin. Ƙin karɓar farantin gafara a gaban gawa ba ƙaramin abu ba ne, kuma tun daga ranar wasu suka fara cewa baƙin ciki ya taɓa mata kai.

Sati biyu bayan nan 'yan ƙungiyar keke suka zo, likitoci da malaman makaranta da ma'aikatan banki, masu matsattsun wanduna da hular kwano. Kawu Sangwian ba ɗan ƙungiyarsu ba ne, kuma da yana da rai da sun sha ba'a a kan wandunan nan. Amma ban raina musu ba. Sun zo su kusan ɗari biyu, suka kawo wani tsohon keke da aka shafe da farin fenti har taya har sarƙa, suka ɗaure shi a turken, suka rataya allo mai sunansa da ranar. Suka yi shiru na minti ɗaya, suka kaɗa ƙararrawa, wani lauya a cikinsu ya riƙe hannun Lamduan ya ce ba za su bar maganar ba. Kafin ƙarfe tara tukunyata ta ƙare. Shekara ta biyu su talatin suka zo. Ta uku su biyar, ɗaya ma hanya ce ta biyo da shi. Ba mugunta ba ce. Akwai wasu fararen kekunan da za a kafa a wasu garuruwan, kuma mutum yana gajiya.

Shari'a kuwa ba ta ɗauki lokaci ba. Thawin ya amsa laifi, aka rage masa rabi saboda ya amsa, sauran kuma aka ce ɗaurin je-ka-gyara-halinka ne, ko kwana ɗaya bai yi a kurkuku ba. Kamfanin inshora ya biya abin da yake biya, Kulap ta sa hannu. Lamduan ce kawai ta ƙi yarda an gama. Ta sami wata leda mai kauri ta zuba takardu, duk ranar Litinin ta hau motar haya zuwa ofisoshin lardi. Kyamarar ƙofar injin, aka ce tsawa ta lalata ta kwana biyu kafin abin ya faru. Lauyan ya raka ta sau huɗu, sannan aiki ya mayar da shi arewa. A ofis ba wanda ya taɓa yi mata tsawa, da ma sun yi da ta sami wanda za ta zaga. Kujera suke ba ta da ruwan sanyi, su ce, “Gwaggo, ai an kama mai laifi, ya amsa da bakinsa. Me kike so kuma?” Karatunta bai yi nisa ba, don haka ni nake rubuta mata wasiƙu a kan teburin yanka albasa. Na rubuta sun fi ashirin, kuma babu ɗaya da na sa sunana a ciki.

A shekara ta biyu ne abin kunya ya faru. Lambobi biyu na ƙarshen lambar baƙar motar suka fito a cacar gwamnati, wata mai sayar da kifi ta ci, ta yi ta shela wai Kawu Sangwian ne ya ba ta a mafarki. Shi ke nan. Kafin sati gindin keken ya cika da jan lemon kwalba, da ayaba, da ƙananan gumakan jakin dawa. Mutane daga wasu garuruwa suna zuwa su shafa hoda a jikin ƙarfen, su goga da yatsa, su ƙura ido ko lamba za ta bayyana. Mutumin da bai taɓa sayen tikitin caca ba don tsabar maƙo, shi ne ya zama mai rabon lamba. Ni ma na saya sau biyu, ba zan ɓoye ba, kuma ban ci ba.

Lamduan takan zo da buhu da tsintsiya ta kwashe tarkacen. Ranar nan wani mai babur ya ce mata, “Haba Gwaggo, ai girmama shi muke yi.”

“Ka san sunansa?”

Mutumin ya saci kallon allo.

“Sai ka karanta ma. Ka san wanda ya kashe shi?”

“An ce wani direba ne.”

“To sha lemonka ka tafi. Shi shayi yake sha, ba sukari.”

Da aka yi wata shida ba wanda ya sake ci, sai suka koma wata bishiya a bayan gari.

Sana'arta ba ta bari ba, da me za ta ci? Motocin gidan injin kuma a danjar suke tsayawa kamar na kowa. Idan ta ga ɗaya, sai ta je ta tsaya a jikin baƙin gilashin, ta ɗaga fure, ba ta cewa komai har wuta ta canza. Wani lokaci gilashin yakan sauka kamar faɗin yatsa biyu, takardar kuɗi ta leƙo, ta karɓa ta tura furen. Na ce mata, “Yaya, ni da ni ce, da ban sayar musu ba.” Ta ce, “Ina sayar musu. Ba na so su kashe wani.” Wata rana kuma tana zaune a bencina tana murza gwiwa ta ce, “Samruai, na gaji da kallon ƙafafun mutane. A kasuwa, a haikali, a asibiti. Rabin garin nan farin kambas suke sawa.”

Kulap ba ta sake gaishe ni ba tun ranar ƙona gawa. A shekara ta huɗu, da ta zo hutun sabuwar shekara, lokacin bikin da muke watsa wa juna ruwa, ta shigo rumfata ana cike da mutane ta tsaya a kaina.

“Gwaggo Samruai, ke da ba ki ga fuska ba, kin zauna kin hura wa tsohuwa wuta. Mutum ya amsa laifinsa, ya aske kai, ya durƙusa. Me ya rage? Ubana yana zuwar mini a mafarki jiƙe sharkaf yana tambayata hanyar gida. Ke kina barci lafiya?”

Ni ma ba kanwar lasa ba ce. Na ce, “Abin da na gani na faɗa, yarinya.”

“To je ki faɗa a kotu mana.”

Na koma kan tukunyata. Ta juya ta fita, ta je ta faɗa wa uwarta cewa ba za ta sake taka gidan ba sai ran da ubanta ya shiga. Ta kuma cika maganarta, shekara uku Lamduan ba ta ga jikokinta ba sai a waya. Abin ya dame ni har na rasa inda zan sa kaina. Na sami Lamduan na ce, “Yaya, wataƙila idona ne. Safiya ce, ga tururin tukunya.”

Ta ajiye allurarta. “Idonki ne?”

Na yi ta kallon furannin da ke cikin kwanonta. Na ce, “A'a.”

“To kar ki sake.”

Shi kuwa Thawin, ciwon sukari ya kama shi, tumbin ya zube, ido ya yi rauni, aka karɓe babbar motar. Ba a kore shi daga gidan da yake zaune a bayan injin ba, kuma 'yarsa ta shiga makarantar aikin jinya, kowa ya san wa ya biya. Ya daina zuwa rumfata. Amma duk shekara bayan damina, da tsakar rana lokacin da Lamduan take danja, sai in gan shi ya lallaɓo da ƙaramin gwangwani da buroshi, ya tsugunna ya shafe inda tsatsa ta ci a jikin keken. Ita tana zaton 'yan ƙungiya ne. Wannan karon na kama bakina.

A shekara ta bakwai 'yan kwangila suka zo suka kakkafa jajayen turaku, za a faɗaɗa titin a miƙar da kwanar. Rumfata ma ta shiga, aka ba ni wata uku. Lamduan ta tsare wani injiniya mai takarda a hannu, ta nuna masa keken. Ya ce ba matsala, za su matsar mata da shi gefe, har su yi masa daɓe. Ta ce ba keken take tambaya ba. Ta taka zuwa kan farin layin, ta tsaya daidai wurin, ta ce, “Nan ɗin fa?” Ya duba takardarsa ya ce, “Nan tsakiyar hannun manyan motoci ne, Gwaggo.”

Ta tsallako ta zauna a bencina. Na zuba mata taliya, ta bar ta har ta kumbura. Ta tsufa a shekarun nan fiye da yadda ya kamata, idonta ya fara hazo, sai ta yi ta lalube kafin zare ya shiga allura. Can ta ce, “A gefen titi na bar shi. Ban ce ya tsaya tirela tana bi ta kansa ba.” Na ji tausayinta, na kuma ji haushin kaina.

Washegari ta je ƙofar injin, ta tsaya gaban mai gadi, ta ɗaga wannan ƙaramar muryar tata yadda na cikin ofis za su ji. Mai gadin da kansa ya ba ni labari. Ta ce, “Ka faɗa wa mutanen gidan, ranar Alhamis da ƙarfe bakwai zan kira mijina gida. Ba kotu, ba takarda, ba hoto. Takardun ma na ƙona su. Wanda ya yi ya zo ya kunna tsinke ɗaya kawai, ko bai yi magana ba. In kunya yake ji, zan juya baya, ba sai na gan shi ba.” Daga nan ta buga wa Kulap waya ta ce ta zo ta riƙe rigar ubanta.

Ranar Alhamis muka taru mu huɗu: ita, da Kulap rungume da rigar aikin Kawu, da tsohon malamin haikali cikin mayafinsa ruwan goro, da ni. Katafila tana tsaye can gaba, direbanta yana cin shinkafa a leda yana jiranmu. Lamduan ta ajiye tsinken turare ɗaya da ashana a gindin keken, ta ce duk mu juya. Malamin ma ya juya. Haka muka jera muna kallon gonar shinkafa, bayanmu yana titi.

Motoci suna ta wucewa. Kowace ta taho sai in kasa kunne. Wajen bakwai da rabi wata ta rage gudu sosai, har na ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin tayarta, na ga Lamduan ta runtse ido. Sai motar ta ƙara wuta ta wuce. Ko su ne, ko mai neman hanya ne, ban sani ba. Rana ta yi sama, gumi ya jiƙa mana baya. Kulap ta yi ta duba waya. Ƙarfe tara ta wuce, malamin ya yi gyaran murya ya ce dole ya koma kafin sha ɗaya, don ba ya cin abinci bayan rana ta take.

Sai muka ji ƙwanƙwasar sanda a kan kwalta, a hankali, tana matsowa. Ta tsaya a bayanmu. Aka girgiza kwalin ashana. Lamduan ba ta juya ba. Muryar da ta yi magana kuwa duk mun san ta.

“Gwaggo, sun ce in zo in kunna.”

Ta juya, mu ma muka juya. Thawin ne, riga tana yawo a jikinsa, yana ƙoƙarin durƙusawa da sandarsa.

Lamduan ta ce, “Sun sake aiko ka.”

Kulap ta ce, “Mama, ai shi ne. Ki bar shi ya kunna mu tafi, rana tana dukan Baba.”

Lamduan ba ta kula ta ba. Ta nuna farin layin ta ce, “Thawin, ga shi can tsaye. Ni ka faɗa mini, ka faɗa wa alƙali. Kalle shi ka ce masa kai ne, sai ka kunna.”

Ya kalli wurin. Ya ƙyasta ashana ta karye, ya ƙyasta wata ta faɗi. Sai kawai ya ajiye kwalin a ƙasa, ya haɗa hannu a goshi, hawaye yana bin fuskarsa.

“Kawu ya san ba ni ba ne. Ina wanka aka kira ni. Da sabulu a kunnena na zo.”

Kulap ta yi baya kamar an ture ta. “To wane ne? Wane ne, Kawu Thawin?”

Ya girgiza kai. “Ki yi haƙuri, 'yata. Iyakar abin da zan iya ke nan. Ina da gida, ina da yarinya.”

Kulap ta kalle ni, ta kalli uwarta, fuskarta ta rikice. Ta damƙe hannun Lamduan ta ce, “Mama, kin ji? Malam ya ji, Gwaggo Samruai ta ji! Kar a kira shi. A bar shi nan, mu koma kotu, ni zan ɗauki hutu, zan nemo lauya. Mama, ashe gaskiyarki ce!”

Shekara bakwai Lamduan tana jiran wani ya faɗa mata haka. Na zuba mata ido in ga ko za ta yi murna, ban ga komai ba sai gajiya. Ta zare hannunta a hankali, ta kalli katafilar, direban ya gama cin abinci yana wanke hannu.

“Gobe ko jibi nan hanyar tirela ce,” in ji ta.

Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki ashanar, ta kunna tsinken da kanta. Malamin ya warware farin zaren, ya miƙa mata bakin zaren, ya fara addu'a ƙasa-ƙasa. Ta karɓi rigar daga hannun Kulap, ta jira wata motar ƙanƙara ta wuce, ta taka zuwa kan farin layin. Ta buɗe rigar da hannu biyu, yadda ake riƙe wa mutum ya zura hannu.

“Sangwian, ni ce. Na tsayar da kai a banza. Ba wanda zai zo. Taho mu tafi gida.”